Kalma biyu, garke ɗaya

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, gyaran takardun yara ne ya riƙe ni, ga kuma zafin Garwa na wannan watan da ba ya barin mutum ya yi dogon tunani sai bayan isha'i. Ka ce kana terminal, wato ajin ƙarshe na sakandare, a wani lise a Marwa, kuma abin da ya ɗaure maka kai shi ne, in aka samu ma'ana biyu daban daban amma duk abin da ɗaya ta hau kansa ɗayar ma ta hau kansa, ba ragi ba ƙari, me ake kiransu? Ka ce ka rubuta synonymes prof ɗinku ya ja maka jan biro, kuma kana so ka sani ko malamanmu na zaure suna da sunan abin, da yadda za a faɗe shi da Hausa.

Toh prof ɗinka yana da gaskiya, kar ka ji haushinsa. Kalmar da yake nema da Faransanci ita ce coextensifs. Malaman manɗiƙi, wato ilimin auna tunani da hujja, kuma suna ce musu mutasawiyani, alaƙar da ke tsakaninsu sunanta tasawi. Da Hausa ni a aji nakan ce masu garke ɗaya, ba a littafi na samo ba, wahalar koyarwa ce ta haifar min da ita, kuma za ka ga dalili.

Kowace kalma irin mutum, doki, saniya, tana da fuska biyu. Akwai abin da kake fahimta a kanka in an ambace ta, wato siffofin da abu zai cika kafin a kira shi da wannan sunan, wannan shi ne mafhumi, a lekol, wato makarantar boko, compréhension. Akwai kuma su kansu abubuwan da ke waje waɗanda sunan ya gaskata a kansu, wannan saniyar da waccan da ta maƙwabcinku da wadda aka yanka jiya, wannan shi ne masadaƙi, a lekol extension. Ni mafhumi nakan ce shinge ne, masadaƙi kuma garken da ke cikin shingen. Kana ƙara sharaɗi shinge na matsewa garke na raguwa: dabba garke ne babba, saniya ya ragu, saniya gudali ta Ngaundare ya ƙara raguwa. Faransawa sun samu wannan rabon ne a littafin manɗiƙin Port-Royal na 1662 wanda Arnauld da Nicole suka rubuta, su ma a lokacin étendue suke cewa, daga baya extension ta zauna. Amma malamanmu sun daɗe da mafhumi da masadaƙi kafin nan.

Yanzu mage da kyanwa. Wannan kalma biyu ce a baki amma abu ɗaya kake fahimta, shinge ɗaya ne kawai aka sa masa suna biyu, wani gari su ce kaza wani gari su ce kaza, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wannan shi ne taraduf, shi ne synonymes ɗin da ka rubuta. Misalin da ake bayarwa a zaure insan da bashar, duka biyun mutum suke nufi da Larabci. Tasawi kuwa shinge biyu ne, kowa ya kafa nasa da nasa dalili, sai aka leƙa aka tarar shanun da ke cikin wannan su ne dai ke cikin wancan. Duk masu taraduf garkensu ɗaya ne dole, amma ba duk masu garke ɗaya ne masu taraduf ba, a nan ne jan biron ya same ka.

Bari in ba ka misalin da kake yi sau biyar a rana. A cikin salloli biyar, ɗauki "sallar da ke da raka'a huɗu" da "sallar da matafiyi ke yi wa ƙasaru". Ta farko magana ce ta ƙidayar raka'a, ta biyu magana ce ta sauƙin da aka yi wa mai tafiya, ba wanda zai ce ma'anarsu ɗaya. Amma kirga mana, azahar la'asar isha'i, ka juya ɗaya ɓangaren, azahar la'asar isha'i. Shikenan tasawi. Gwajin kullum haka yake, ka yi jumla biyu ɗaya ta tafi ɗaya ta dawo: kowace mai raka'a huɗu ana mata ƙasaru, kuma kowace da ake wa ƙasaru mai raka'a huɗu ce. In duka biyun sun tsaya, masu garke ɗaya ne. In ɗaya ce kawai ta tsaya toh wani abu ne daban. Kuma ka lura na ce "a cikin salloli biyar", sai ka faɗi filin da kake magana a kansa tukun, in ba haka ba wani zai jawo maka nafila ya ɓata lissafin.

Ga wani tarko da yarana ke faɗawa kowace shekara. Sallolin da ake bayyana karatu su ma uku ne, magariba isha'i asuba. Sai yaro ya ce ai uku da uku, sun yi daidai. A'a. Yawan kai ɗaya ba shi ne garke ɗaya ba, Bafulatani mai shanu goma da maƙwabcinsa mai shanu goma ba shanu ɗaya suke kiwo ba. Masu lissafi suna da sunan wannan daban, équipotents suke cewa. Mu abin da muke nema shi ne su ɗin dai, ɗaya bayan ɗaya.

Tasawi ɗaya ce daga cikin alaƙa huɗu da ake kira nisab arba'a, kuma ba za ka riƙe ta da kyau ba sai ka san 'yan uwanta. Ni da kuɗin aljihunmu nake koyar da su. Ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta yankin tsakiyar Afirka, shida ne, Kamaru, Chadi, Afirka ta Tsakiya, Kwango Barazabil, Gabon da Gini Ikwatoriya. Ƙasashen da ke kashe sefan da BEAC, babban bankin yankin, ke bugawa su ne dai waɗannan shidan. Tasawi kenan. In kuma ka ce "ƙasashen da ke kashe sefa" kawai ba ka fayyace ba, toh sun zama 14, don akwai takwas na yamma irin su Nijar da Senegal da nasu sefan, kowace ƙasar CEMAC tana kashe sefa amma ba kowace mai kashe sefa ce 'yar CEMAC ba, ƙaramin garke ne a cikin babba, sunansa umumi da hususi mutlaƙ. Shidan nan namu da takwas ɗin yamma ba ƙasa ko ɗaya da ta shiga duka biyun, wannan tabayuni, hannun riga. Ta huɗun ita ce mai daɗi, umumi da hususi min wajhin, sun haɗu a wani wuri sun rabu a wani: ƙasashen da ke bakin tafkin Chadi huɗu ne, Kamaru da Chadi suna bakin tafki kuma suna CEMAC, Nijar da Najeriya suna bakin tafki ba sa CEMAC, Gabon tana CEMAC ko ƙanshin tafkin ba ta ji. Mu nan ma muna rayuwa a cikin irin wannan, "Bahaushe" da "mai jin Hausa", ka san Fulani da Kanuri da yawa a kasuwa da Hausa ta zauna a bakinsu, ka kuma san 'ya'yan Hausawa a Garwa da Marwa da Fillanci ya cinye musu harshe.

Inda na fara jin waɗannan sunayen ba a jami'a ba ne, a zauren wani dattijo ne a unguwarmu, Allah ya jiƙansa, bayan la'asar muna mu biyar ko shida a kan tabarma. Sullam muke karantawa, waƙar manɗiƙin nan ta Abdurrahman al-Akhdari mutumin Aljeriya, eh shi dai mai Ahalarin da kowa ya fara fiƙihu da shi, mutane da yawa ba su san yana da littafin manɗiƙi ba. Baiti 140 da 'yan kai ne, ya yi ta a shekara ta 941 bayan hijira yana ɗan shekara 21. A cikinta ya kawo taraduf da kishiyarsa ishtiraki, wato kalma ɗaya mai ma'ana da yawa, kamar baki a wurinmu, bakin mutum bakin kogi bakin wuƙa. Nisab huɗun kuwa a bakin malam muka ji su wurin sharhi, daga baya na gan su a shimfiɗe a Shamsiyya ta al-Katibi da Tahzib na Taftazani.

Ranar da aka zo kan tasawi malam ya ce insan da naɗiƙ, wato mutum da mai hankali, sai kuma insan da dahik, wato mutum da mai dariya. Wani ɗan uwanmu tela, mai son gardama, ya ce Allah gafarta malam ai kura ma tana dariya, duk wanda ya kwana a ƙauye ya ji ta. Malam ya ajiye littafin a cinya ya cire tabarau ya ce, toh me aka faɗa mata ta yi dariyar? Muka fashe gaba ɗaya, shi kuma ya nuna mu da tabarau ɗin ya ce kun ga wannan da kuka yi yanzu ita ake nufi, wadda ke zuwa bayan an fahimci abu an yi mamakinsa, ta kura kuka ne. Sai ya ƙara da cewa mai iya dariya ake nufi ba wanda ke cikin yin ta ba, in ka ce wanda ke dariya a yanzu ai garken ya ragu, ya koma hususi. Haka naɗiƙ ba mai magana da baki ba ne, mai hankalin da ke tunani ne, shi ya sa bebe yana ciki aku kuma yana waje duk surutunsa.

Amfanin wannan duka a wurin ta'arifi yake fitowa, wato in za ka faɗi menene abu. Sharaɗin ta'arifi shi ne ya zama daidai wa daida da abin da ake bayani, malamai suna cewa jami'i mani'i, ya tattaro duk naka ya hana na wani shigowa. Shinge ne dai. In ka ce mutum shi ne dabba, shingen ya yi faɗi jaki ya shigo. In ka ce mutum shi ne mai rubutu da alƙalami, ya matse, kakata ta rage a waje. Akwai labarin da Girkawa suka ajiye, wai Aflatun ya ce mutum shi ne mai ƙafa biyu marar gashin tsuntsu, sai Diyojin ya fige zakara ya shigo da shi makarantar ya ce ga mutumin Aflatun, dole aka ƙara "mai faɗin farce". Mai tsiren kaji a bakin titi kullum yana da irin waɗannan mutanen a faranti.

Amma ga inda nake so ka buɗe kunne, don nan ne ake bambanta wanda ya haddace da wanda ya gane. Cewa abu biyu garkensu ɗaya bai gaya maka me ya haɗa su ba. Naɗiƙ da dahik duka sun yi daidai da mutum, amma malamai ba su ba su daraja ɗaya ba. Naɗiƙ fasali ne, wato abin da ya raba mutum da sauran dabbobi, yana cikin ainihin mutum, in ka yi ta'arifi da shi sunansa haddi. Dahik kuwa hassa ce, siffa ce da ta keɓanta da mutum amma ba ita ce ta mai da shi mutum ba, ta'arifi da ita rasmi ne. Asalin wannan tun Aristo, shi ya ce akwai siffar da ke juyawa da abu, ka faɗe ta a kansa ka faɗe shi a kanta, amma ba ta nuna ainihinsa, daga nan ta bi ta hannun Farfuriyus mutumin Sur a ƙarni na 3 ta shigo Larabci har ta iso tabarmar unguwarmu.

Wani tasawin, hankali ne ya tilasta shi, ba makawa. Siffa mai gefe uku da siffa mai kusurwa uku, ma'ana daban, ɗaya na kirga layi ɗaya na kirga lungu, amma ko ka shekara kana zane ba za ka raba su ba. Wani kuma mutane ne suka ƙulla shi, kuma abin da aka ƙulla ana iya kwance shi. CEMAC a Injamena aka sa hannu a kanta a 1994, kafin ita akwai wata ƙungiyar mai suna UDEAC, kuma Chadi ta fita daga UDEAC a 1968 ba ta dawo ba sai 1984 alhali duk tsawon lokacin sefa take kashewa, kaga a waɗannan shekarun "'yar ƙungiya" da "mai kashe sefanmu" ba garke ɗaya ba ne. Wani kuma dace ne zalla. Shekarar bara a ajina duk masu zama a bencin baya su ne suka faɗi gwajin farko, wallahi daidai wa daida, amma ba bencin ne ya kayar da su ba, zango na biyu na watsa su gaba, wasu suka tashi wasu suka ci gaba da faɗuwa da sabon benci.

Turawan zamani sun daɗe suna kokawa da wannan. Wani Ba'amurke mai suna Quine a 1951 ya kawo misalin halitta mai zuciya da halitta mai ƙoda, ya ce ƙila garkensu ɗaya amma ma'ana daban, wannan misalin za ka yi ta cin karo da shi. Ni dai ba na sonsa sosai, malamin ilimin halittu zai iya tayar maka da ƙwari masu abin harba jini amma ba su da ƙoda irin tamu, sai ka taƙaita magana kan masu ƙashin baya kafin ya zauna. Wanda na fi so shi ne na Frege Bajamushe a 1892, tauraron asuba da tauraron yamma, don mu ma muna da shi a gida. Gamzaki da ke fitowa kafin alfijir a gabas, da Zara matar wata da ke haskawa bayan faɗuwar rana a yamma, duniya ɗaya ce, Zuhura, wani lokaci takan bayyana da asuba wani lokaci da yamma, zagayen yana ɗaukar kwana 584. Sai dai ka kiyaye, waɗannan sunayen abu guda ne ba na garke ba, don haka a takardar jarrabawa coréférents za ka rubuta, coextensifs na ma'anoni ne masu ɗaukar abubuwa da yawa. Ciwon dai iri ɗaya ne.

Me ya sa ake damuwa da bambancin tunda abu ɗaya ake nunawa? Saboda musanya. Leibniz, masanin falsafa Bajamushe, ya ce abubuwa biyu in ɗaya ne za ka iya cire wannan ka sa wancan gaskiyar magana ba ta canza ba, kuma a yawancin jumloli haka ne. "Gamzaki ya fi wata nisa da mu", sa Zara a wurin, magana na nan daram. Amma gwada da sani ko zato ko nufi. Tsohon da ke tashi da Gamzaki ya tafi gona ya san Gamzaki da asuba yake fitowa, wannan gaskiya ne, amma ka ce ya san Zara da asuba take fitowa, sai ya ce kai yaro ba ka da lafiya. Mai tuyan ƙosai a Kusuri ta san kuɗin hannunta yana ci in ta haye gada zuwa Injamena, ta san ƙasashen da ke karɓarsa ma wataƙila, ba lallai ta taɓa jin kalmar CEMAC ba. Da zarar jumla ta shiga cikin kan mutum, mafhumi ne ke aiki ba masadaƙi ba, kuma musanya ta lalace. Masu gardama da yawa a nan suke yi wa mutane wayo, su ce ai ka yarda da kaza, kuma kaza shi ne kaza, don haka ka yarda da kaza, alhali kai na farkon kawai ka sani.

Masu lissafin tari, wato ensembles ɗin da kuka yi tun sizyem, ajin farko na sakandare, su sun yanke shawara garke kawai suke kallo, tari biyu in 'yan cikinsu ɗaya ne toh tari ɗaya ne ko da wane suna aka kira su, Zermelo ya sa wannan cikin ƙa'idojinsa a 1908. Yana da sauƙin aiki amma ga abin dariyar da ke biyo baya: "doki mai ƙaho" da "tashar jirgin teku a Injamena" duka ba komai a cikinsu, garken wofi ne, saboda haka a wannan lissafin masu garke ɗaya ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka garke ba shi ne ma'ana ba.

Abu biyu ƙanana kafin in rufe littafi. In jumloli ne cikakku ba kalmomi ba, ba a cewa coextensives, équivalentes ake cewa, shi ne "si et seulement si" ɗin prof ɗin lissafi, a zaure talazumi, wannan na jawo wancan wancan na jawo wannan. Sannan akwai ƙa'ida mai amfani da Taftazani ya ambata, in abu biyu masu tasawi ne toh kishiyoyinsu ma masu tasawi ne, wanda ba mutum ba da wanda ba naɗiƙ ba garkensu ɗaya, gwada da salloli ka gani, waɗanda ba raka'a huɗu ba magariba da asuba, waɗanda ba a musu ƙasaru magariba da asuba.

A takardar bak, jarrabawar gama sakandare, ka rubuta cewa ma'anonin biyu extension ɗinsu ɗaya compréhension daban, ka kawo jumla biyun nan mai tafiya da mai dawowa, ka ba da misali ɗaya, sannan ka ƙara layi guda da ke faɗin ko dole ne ya haɗa su ko yarjejeniya ko dace, wannan layin shi ke sa mai gyara ya ɗago kai. Misalin salla ka bar shi wa kanka da 'yan zaure don ba ka san hannun da takardarka za ta faɗa ba, na siffa mai gefe uku ko na sefa kowa zai gane. Ka gaida mutanen gida, in ka samu Sullam a wurin masu littattafai na bakin masallacin Juma'a ka saya da sharhinta, matanin shi kaɗai zai ba ka wuya.